Kukan bayan a-kori-kurata: abin da na rubuta a kan aikin kirawun da finiyan a Agege

Litinin, 15 ga Yuli, 2024

Yau dai na haƙura na ajiye motar a garejin Kawu. Kwana goma sha biyu ke nan ina ruɗin kaina cewa taya ce ke kuka, alhali tun ranar farko na san daga aksul ɗin baya ƙarar ke fitowa.

Abin ya samo asali ne ranar Laraba 3 ga wata, ranar da sama ta wuni tana zuba a Legas har Iyana Oworo ta koma kogi. Na taso daga Mile 12 da buhunan albasa zan kai cikin gari, aksul ya yi zafi da lodi, na kutsa cikin ruwan da ya haura rabin taya. Idan ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa sai ta tsuke, ta zuƙo duk abin da ta samu ta ɗan hancin shaƙar da ke saman aksul. Ruwan kwata ta samu, shi ta zuƙo. Da zan yi abin da ya dace, da washegari na juye man. Ban juye ba, saboda akwai lodi yana jirana.

Da muka kwance notin ƙasa, abin da ya zubo ba ya kama da mai. Kamar kunun gyaɗa da aka dama da toka, ga wari. Kawu ya lakato da yatsa, ya murza, ya nuna min 'yan ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli. Bai ce komai ba, ya goge hannu a tsumma ya koma kan bencinsa. Na fi son ya yi min faɗa.

Motar tsohuwar Hilux ce mai ja da baya kaɗai, kuma alherinta shi ne tukunyar giyar baya tana fita ɗungurungum, ba sai mutum ya kwana a ƙarƙashin mota yana aiki da tocila a baki ba. Muka ɗaga ta a jak, muka tokare, muka cire tayoyi da gangunan birki, muka kwance bututun man birki, muka zaro shaf na hagu da na dama. Na yi wa farfela da filanji, wato faifan ƙarfen da ke haɗa ta da tukunyar, alama da fenti kafin in raba su. Noti goma ke riƙe da tukunyar. Da ta saki, ni da yaro ɗaya muka sauke ta, nauyinta ya kusa rabin buhun siminti.

Talata, 16 ga Yuli

Ban bari an taɓa sifana ba sai da na auna yadda take a lalacenta. Wannan ɗabi'a ce da na koya daga baya: wanda bai san inda ya taso ba, ba zai san ko ya matsa ba.

Agogon awo na aro ne, irin mai gindin maganaɗisu, kowane ɗigo a fuskarsa milimita 0.01. Na ɗora tsininsa a kan haƙorin kirawun, wato babbar giyar da ke juya tayoyin baya, na riƙe finiyan, ƙaramar giyar da ke tura ta, na girgiza kirawun gaba da baya. Wasan da ke tsakanin haƙora ya nuna ɗigo 36. Littafin Toyota ya ce 13 zuwa 18. Finiyan kuwa da ɗan yatsa ɗaya nake juya shi, har yana ɗan motsi ciki da waje. Boris ɗinsa sun saki gaba ɗaya. Wannan ya bayyana min dalilin da ya sa kukan ya fi tsanani idan na ɗaga ƙafa daga totur, musamman a gangaren gadar Pen Cinema.

Kafin in kwance marafan boris na gefe, na ɗauki fanci na buga ɗigo ɗaya a na hagu, biyu a na dama, na buga irinsu a jikin tukunya. Marafan nan tare aka huda su da tukunyar a masana'anta, idan suka yi musanya zaren notin daidaitawa ba zai ƙara haɗuwa ba.

Haƙoran finiyan sun yi zanzana, ramuka ƙanana birjik kamar fuskar wanda ya yi agana. Kirawun ma ya fara. Ƙananan giyoyin ciki, waɗanda ke ba taya ɗaya damar fin ɗaya gudu a kwana, su lafiya lau, wasansu bai wuce ɗigo 15 ba. Na ƙirga haƙora: kirawun 41, finiyan 10. Wato farfela za ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya.

Da dare na yi ta lissafi. Tunda dole sai na sayi sabo, me zai hana in koma 4.56? Aikina ba gudu ba ne. Daga Mile 12 zuwa Agege, zuwa Idi-Araba, zuwa Obalende, rabin rayuwata a goslo take, ina tashi da tan guda a giya ɗaya, kulochi na ƙauri. Da 4.56 tashin zai yi sauƙi. Abin da zan biya shi ne inji zai ƙara juyi da kusan kashi 11 cikin 100 a kowane gudu, kuma maleji zai riƙa ƙarya. Wanda ke zirga-zirgar Legas zuwa Kano ba zan ba shi wannan shawarar ba. Ni rabona da wuce Shagamu da motar nan an fi shekara.

Kawu ya ce, "Mayar da abin da ka tarar, ɗana. Mutanen Japan ba wawaye ba ne." Na ce, "Kawu, ai su ma suna sa 4.56 ɗin a wasu motocin." Ya ce to, kuɗina ne.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na manta yau Alhamis ce, ranar sharar kasuwanni, na buga sammako zuwa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na tarar ba a buɗe ba sai ƙarfe goma. Na zauna wajen mai shayi, ɗan Sakkwato, har ya fara tambayata ko aiki nake nema.

Wanda bai taɓa shiga Ladipo ba ba zai gane ba. Tun daga bakin titi samari ke tare ka, "Alhaji, me kake so?", kowa na da ɗan'uwa mai shago. Wani ya ja ni lungu cikin lungu har wani shago da aka jibge giyoyi kamar tulin doya. Mai shagon ya zaro kirawun tokumbo mai haƙori 41, ya tona wani buhu daban ya zaro finiyan mai haƙori 9, ya haɗa su a hannu ya ce ga 4.56. A lissafi bai yi ƙarya ba, 41 a raba da 9 shi ne 4.56. Amma na juya su na duba lambar da ake rubutawa a kan finiyan da gefen kirawun, ba su zo ɗaya ba. Na ce, "Oga, waɗannan ba mata da miji ba ne." Ya yi dariya ya ce za su saba da juna a hanya.

Ba za su saba ba. Kirawun da finiyan tare ake goga su a masana'anta, ana juya su da wani mai mai yashi-yashi har fuskokin haƙoransu su kwanta da juna, sannan a ba su lamba ɗaya. Ka raba su, ka aura wa kowa wani, ko da ƙirgen haƙori ya yi daidai, kuka za su yi har su mutu. Kuma ma kirawun mai 41 da aka yanka domin finiyan mai 10 ba yankansa ɗaya da wanda aka yi domin mai 9 ba. Wa ya san daga wace motar wancan ya fito?

A ƙarshe na sayi sabo a kwali a wani shagon, lamba ɗaya a jikin duka biyun. Na haɗa da boris huɗu na Koyo, na ƙara ɗaya na kan finiyan, zan faɗi dalili. Na juya kwalayen da kyau, don jabun boris sun cika gari, rubutun jikinsu kan fita dishi-dishi. Sai oyil-sil, sabon notin finiyan, da ɗan bututun nan mai lotsewa da ke zama tsakanin boris biyu na finiyan. Shi guda biyu na saya. Mai shagon ya ce ɗaya ya isa. Na ce na san hannuna.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne washar awo, wadda ke zama a bayan kan finiyan. Toyota na yin su hawa-hawa, tsakanin kowace da mai bi mata milimita 0.03, bai kai kaurin gashin kai ba. Yawancin masu shago ba su ma san ana sayar da su daban ba. Wani dattijo mai kwance tsofaffin aksul ya zazzage min gwangwanin madara cike da su, na zauna a ƙasa da ma'aunin kauri ina tsinta. Na samu 1.97, 2.00, 2.03 da 2.09. Tawa ta asali 1.94 ce.

Asabar, 20 ga Yuli

Wanki. Kananzir, buroshi, iska. Na fitar da tsofaffin kofunan boris na buga sababbi har suka zauna, ana gane zamansu da sauyawar ƙarar guduma.

Kirawun ba ya shiga mazauninsa da sanyi, kuma ba a jan shi da noti. Na ari tukunyar da yaran gareji ke dafa taliya, na tafasa ruwa na jefa shi ciki, ya kai zafin tafasa, wato digiri 100. Muka tsamo shi da waya, muka goge, ya zauna a kan gidansa sumul. Da ya huce na ɗaure notinsa goma, ina tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, har 97 N·m, wato ma'aunin ƙarfin ɗaure noti.

Na ɗora a kan boris na juya da agogo a bayan kirawun don in ga ko yana rawa. Ɗigo 12. Ya yi yawa, bai kamata ya wuce 7 ba. Zuciyata ta ce an sayar min da karkatacce. Kawu ya zo ya duba, ya ce in sake kwancewa. Na kwance ina gunaguni. Ya shafa mazaunin da tafin hannu ido a rufe, ya tsaya a wuri ɗaya, ya kama yatsana ya ɗora a kai. Wani ɗan tsiro ne a bakin ramin noti, inda na bugi ƙarfen ranar Talata wajen fitar da tsohon. Dutsen wasa wuƙa ya shafe shi a minti biyu. Muka sake tafasa ruwa. Ɗigo 4.

Yaran sun ce taliyar dare ta yi warin giris.

Lahadi, 21 ga Yuli

Gareji shiru, maƙwabtanmu Yarabawa da Inyamurai sun tafi coci, ba mai buga ƙarfe. Ranar da ta dace da wannan aikin.

Ga amfanin boris na biyar. Washar awo tana ƙarƙashin babban boris ɗin finiyan, shi kuwa da injin matsa ake shigar da shi, fitar da shi kuma sau da yawa yakan lalata shi. Tunda na san sai na sauya washa sau uku ko huɗu, na kai ƙarin boris ɗin wajen wani Baba mai injin sassaƙar ƙarfe jiya, ya ɗan rarake cikinsa har yana shiga da hannu. Wasu da tsohon boris suke wannan dabara. Tsohon nawa ya cinye, tsayinsa ba zai zo ɗaya da sabo ba, zai ba ni amsar ƙarya.

Gwaji na farko da washa 1.94. Ba oyil-sil, ba bututu mai lotsewa, tsohon noti kawai na ɗaure a hankali har finiyan ya ɗan yi tauri. Na sa kirawun, na murɗa notocin daidaitawa na gefe har wasa ya zo ɗigo 15. Na shafa shuɗin injiniya a haƙora huɗu, gaba da baya, a wurare uku, na juya.

A nan ne aikin yake. Kowane haƙorin kirawun fuska biyu gare shi. Mai tudu ita ce finiyan ke turawa idan ka taka totur, mai kwari ita ke ɗaukar nauyi idan ka saki mota tana gangara ko kana ribas. Kowace fuska kuma tana da sama wajen tsini, da ƙasa wajen dasashi, tana da bakin waje mai faɗi da bakin ciki siriri. Inda finiyan ya goge shuɗin, nan suke haɗuwa. Abin da ake nema shi ne tabo mai kamar ƙwai, a tsakiya tsakanin tsini da dasashi, ya ɗan karkata zuwa bakin ciki kaɗan, domin idan lodi ya hau, haƙori na ɗan lanƙwasa tabon ya bazu zuwa waje.

Nawa ya fito can sama, yana lasar tsini. Finiyan bai shiga ciki sosai ba, yana bukatar washa mai kauri.

Na yi tsalle zuwa 2.09 da gangan, don in ga ɗaya gefen. Sai da na kwance komai, na zaro finiyan, na sauya, na mayar, na sake nemo ɗigo 15, don da zarar finiyan ya matsa wasan ma ya canza. Wannan karon tabon ya nutse ƙasa, ya yi layi mai kaifi a gindin haƙori kamar an ja da reza. Ya wuce. To yanzu na san amsar tana tsakanin biyun.

La'asar ta yi, bayana ya ƙage. Na rufe da buhu.

Talata, 23 ga Yuli

Jiya ban samu zuwa ba, na bi wani abokina a motarsa don kada masu ba ni lodi su manta da fuskata.

Gwaji na uku, 2.00. Tabon ya fito a tsakiya, ko da yake dusu-dusu. Na ji daɗi, na kira Kawu ya zo ya gani.

Dole in faɗi wani abu game da Kawu. Tun zamanin Shagari yake wannan gari yana gyaran mota, kuma bai taɓa mallakar agogon awo ba. Shi da takardar sigari yake aikinsa, ya tura ta tsakanin haƙora ya juya, ya duba yadda ta fito: idan ta yage ya matse, idan ba ta yi ƙwarya-ƙwaryan kunya ba ya saki. Tun ranar Talatar da ta wuce yake min kallon ɗan boko. Ni kuma a raina ina cewa motoci nawa ne suka fita daga hannun masu takardar sigari suna kuka, aka ce wa mai su "haka take, za ta daina"?

Ya karkata kai ya dubi haƙoran ya ce, "Da hannu wofi ka juya?" Na ce eh. Ya ce, "To ai ba ka tambaye shi komai ba. Jaki ma sai an ɗora masa kaya ake sanin ƙafar da yake ɗingishi da ita." Ya ɗauko guntun katako ya cusa tsakanin bayan kirawun da jikin tukunya, ya danna da ƙarfinsa, ya ce in sake shafawa in juya. Sai da na sa hannu biyu. Tabon ya fito fes, gefensa a bayyane, kuma ba a tsakiya yake ba. Yana sama da kaɗan, a fuskar ja ya fi kusa da tsini, ya bar fili a ƙasa.

Daga nan ya kama kirawun ya girgiza kusa da kunnensa ya ce wasan ya ɗan fi na ɗazu. Na ɗora agogo: 17. Notin gefe ya motsa da muka danna katako, don ban ɗaure marafan sosai ba. Ɗigo biyu ya ji da hannu. Na yi shiru.

Gwaji na huɗu, 2.03, da katakon Kawu. Ƙwai a tsakiya, gefuna masu laushi, ya ɗan leƙa bakin ciki. Fuskar saki ma ta zauna tsakiya. Na duba a wurare uku, duk ɗaya. Tsakanin "kusan" da "daidai" washa ɗaya ce, milimita 0.03, wadda takardar sigari ba za ta taɓa gani ba. Amma ni ma da agogona da shuɗina da na rufe a kan 2.00 ba don katakon ba.

Wani abin da na lura da shi ina juyawa: 41 ba ta rabuwa da komai, saboda haka kowane haƙorin finiyan sai ya gaisa da duk haƙoran kirawun ɗaya bayan ɗaya kafin ya dawo kan na farko. Cin ya rarrabu ke nan, ba wasu haƙora kaɗai ke shan wahala ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Ranar ɗaurin gaske, kuma ranar da na yi ɓarna.

An matsa sabon boris a kan washa 2.03. Bututu mai lotsewa ya shiga, ƙaramin boris, oyil-sil da na shafa wa giris a leɓe, filanji, sabon noti. Mai walda ya yi min doguwar sanda mai rami biyu da ke kama filanji ta tokare benci.

Taurin boris ɗin finiyan ana auna shi ne da ƙarfin da ake bukata kafin ya fara juyawa. Ga sababbin boris littafin ya ce kilo-santimita 19 zuwa 26. Sifanar awo mai karanta ƙanƙanin ƙarfi irin wannan ba wanda ke da ita a layinmu. Sai na je wajen wani ɗan garinmu mahauci a mayankar Oko-Oba na aro ƙaramin sikelin ratayawa. Na ɗaura ƙarfe a filanji, na yi alama a santimita 20 daga tsakiya, na kafa tukunyar finiyan na kallon sama don kada nauyin ƙarfen ya shiga lissafi. A santimita 20, abin da nake nema a sikeli shi ne daga kusan kilo 1 zuwa 1.3.

Bututun nan taurin kai gare shi. Noti ya wuce 196 N·m, mafi ƙarancin abin da aka yarda, bai ko motsa ba. Muka sa bututun ruwa a hannun sifana, ni da yaro muna ja. Ya fara lotsewa, motsin filanji ya ragu, ya ɓace. Daga nan ya kamata in riƙa ja kamar faɗin farce ina aunawa. Na auna, rabin kilo. Na ja kaɗan, 0.7. Aka kira sallar azahar, na ce bari in ƙarasa, na ba shi ja ɗaya mai kyau. Kilo 1.9.

Yaron ya ce, "Yaya, a ɗan sassauta mana." Ba a sassautawa. Bututun ya riga ya lotse, ba ya dawowa. Idan ka ja noti baya, taurin zai sauka a sikeli, amma babu abin da ke tokare da boris daga ciki, kuma notin bai da ƙarfin riƙo. Watanni kaɗan zai saki, mu koma gidan jiya. Idan kuma na bar shi a 1.9, boris za su yi zafi su ƙone.

Na je na yi salla, na dawo na kwance. Oyil-sil ɗin ya lalace wajen fitarwa, sai da na aiki yaro ya nemo wani. Bututu na biyu ya shiga. Wannan karon bayan kowane ɗan ja sai na juya finiyan sau da yawa don boris su zauna, sannan in auna. Ja tara na ƙirga. Ya tsaya a 1.15. Na ajiye sifanar nesa da hannuna.

Juma'a, 26 ga Yuli

Da safe kafin masallaci na mayar da kirawun. Marafai kowa a gefensa bisa ɗigon fanci. Notocin daidaitawa aiki biyu suke yi a lokaci ɗaya: su ke matsar da kirawun kusa ko nesa da finiyan, su ne kuma ke matse boris ɗin gefe. Idan ka saki na hagu rami ɗaya ka ɗaure na dama rami ɗaya, wasa ya canza, tauri bai canza ba. Na kai har motsin gefe ya ɓace, na ƙara rami ɗaya da rabi. Sikeli ya hau daga 1.15 zuwa 1.4, ƙarin kilo-santimita 5 ke nan, ana son 4 zuwa 6.

Marafai 78 N·m. Na sake auna wasa a wurare huɗu: 15, 16, 14, 15. Na sake shafa shuɗi da katako, don boris ɗin da aka matsa ba lallai ya zauna daidai inda na gwaji ya zauna ba. Tabon bai gusa ba. Sai a lokacin na sa makullan notocin gefe, na lotsa bakin notin finiyan cikin tsagarsa.

Kawu ya juya filanji da hannu, ya saurara, ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan lambar yabo ce.

Asabar, 27 ga Yuli

Mun wanke cikin aksul sau uku, har da dogon tsumma a sanda cikin hannuwansa, inda kunun nan ya kwanta. Tukunya ta koma, shaf biyu, birki, muka fitar da iska. Farfela bisa alamar fenti.

Mai na sa 80W-90 mai lambar GL-5, sai da ya fara dawowa ta ramin zubawa, lita biyu da ɗoriya. Ba kowane man giya ke yi ba. A irin wannan giyar finiyan ba ya kan tsakiyar kirawun, yana ƙasa da ita, saboda haka haƙoran ba birgima kawai suke a kan juna ba, suna gogar juna ne a kowane juyi. Kamfanin Gleason na Amurka ne ya fito da wannan yanka, Packard ta fara sa shi a mota a 1926, kuma tun lokacin sai da aka nemo masa mai na musamman mai jure matsi. Mai zuba masa baƙin man inji don araha, kirawun zai saya.

Hancin shaƙar nan da ya jawo min duk wannan, na cire shi na sa bututun roba na ja shi sama har ƙarƙashin bodi, na lanƙwasa bakinsa ƙasa. Damina ba ta ƙare ba.

Gwaji: daga Agege zuwa Abule Egba na dawo, ba kaya, ban wuce 60 ba. Na kashe rediyo na sauke gilashi. Na taka, shiru. Na saki, shiru. Na tsaya na taɓa tukunyar, da zafi amma hannu na iya zama a kai na ɗan lokaci. Na bar ta ta huce sarai kafin zagaye na biyu. Sababbin haƙora haka ake lallaɓa su, tafiya gajera, hutu, ba lodi mai nauyi sai sun yi kamar kilomita 800.

Talata, 30 ga Yuli

Alhajin da ke ba ni albasa ya kira sau uku. Buhu goma sha biyu zuwa Idi-Araba. Na ce huɗu zan iya ɗauka. Ya ce, "Malam, motar amarya ce?" Na ce kusan haka, Alhaji. Ya ba wani. Ya yi min ciwo, don kwana goma sha biyar ke nan ba shiga sai fita.

Na ɗauki kwandunan tattasai marasa nauyi zuwa Obalende ta gadar Third Mainland, kilomita 11.8 ba tsayawa, wuri mafi kyau na sauraron aksul a duk garin nan. Maleji na nuna 80, wayata na nuna 72. Daidai da lissafi, tunda daga giyabos maleji ke ɗaukar juyi, bai san an sauya komai a baya ba. Wannan na nufin kilomita 800 ɗin ma sai maleji ya ƙirga kusan 890.

Asabar, 24 ga Agusta

An daɗe ban rubuta ba. Kwanakin zanga-zangar farkon wata motar a gida ta kwana, don Ojota a kan hanyata take, shi ya sa kilomitan suka yi jinkirin cika. Jiya maleji ya nuna 896 daga ranar da muka rufe.

Na juye man da zafinsa. Ya yi duhu, maganaɗisun notin ƙasa ya tara laushin toka kamar kwalli, na murza a yatsa ban ji tsini ko ɗaya ba. Na leƙa da tocila ta ramin zubawa, iya abin da ido ya kai haƙoran sun yi sheƙi a tsakiya, inda shuɗin ya nuna. Filanji ba ya motsi, oyil-sil ɗin finiyan a bushe. Na zuba sabon mai.

Yau da asuba na ɗauki buhu goma daga Mile 12. A hawan gadar Ketu cikin goslo ta tashi ba tare da na ƙona kulochi ba, abin da na saya ke nan. A buɗaɗɗen titi kuwa injin na ƙara fiye da da, kuma ina jin kamar tana ɗan ƙara shan mai, zan auna tanki biyu in gani. Kawu ya ce ai ya faɗa min.

Na ga danshi a bayan gangar birkin hagu. Oyil-sil ɗin shaf ne, wanda na duba ranar 27 ga Yuli na ce zai ƙara shekara. Litinin zan zaro shaf ɗin kafin man ya kai ga takalmin birki, in kuma mayar wa mahaucin nan sikelinsa, ya aiko sau biyu.